Ana zargina da dukan ɗan mijina, likita ya ce filatilet ɗinsa ne ya yi ƙasa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Funtuwa. Da na tare na tarar da ɗan maigidana na wurin matarsa ta fari da suka rabu, yanzu shekararsa shida, kuma a hannuna yake. Kwanakin baya ya yi mura da zazzaɓi ya warke. Bayan kamar sati biyu sai na fara ganin jini yana kwanciya a ƙafafunsa da bayansa, baƙi-baƙi kamar wanda aka zane, ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo ja a ƙwaurinsa. Ya yi haɓo sau biyu, amma ya tsaya da kansa. Da ya je kwana wurin mahaifiyarsa ta ga jikinsa, sai ta kira surukata Hajiya tana kuka, wai ina azabtar mata da ɗa. Anti, wallahi ban taɓa yi masa dukan da zai bar shaida ba. Maigidan ya kai shi asibiti aka yi gwajin jini, aka ce ba maleriya, jininsa ma bai yi ƙasa ba, PCV 35, amma wani abu wai shi filatilet ya sauka zuwa 16. Likita ya ce mu koma bayan sati ɗaya, kada a ba shi magani barkatai. Hajiya ta ce tunda likita da bakinsa ya ce jinin yaro bai ƙare ba, ai magana ta fito, duka ne. Ta kuma ce da sanyin nan za a haɗa shi da 'yan'uwansa a kai su wurin wanzami a yi musu kaciya. Shi maigidan ya yi gum, ba ya ce min komai. Ban san mene ne filatilet ba, ban san ta inda zan wanke kaina ba. Ki taimaka min don Allah.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Na san zargin ne yake hana ki barci, kuma zan zo kansa, amma akwai abin da ya fi shi gaggawa a wasiƙarki. Kada a kuskura a yi wa yaron nan kaciya yanzu, ko a wurin wanzami ko a asibiti. Yaron da filatilet ɗinsa yake 16 idan aka sa masa aska, jinin zai iya ƙin tsayawa har a rasa shi. Likitoci ba sa son yin ko ƙaramar tiyata sai adadin ya kai wajen 50. Ki faɗa wa maigidan wannan yau ɗin nan, da kalmomi ƙarara, ko yana fushi ko ba ya yi. Haka ma cire beli, da ƙaho, da sakiya, da cire haƙori, duk a dakata. Sanyi zai sake zagayowa, kaciya ba ta wuce shi ba.

To, ga inda Hajiya ta samu ruɗani, kuma ba ita kaɗai ba, mutane da yawa haka suke fahimta. A wurinmu idan an ce gwajin jini, tambaya ɗaya ce: ya ƙare ko bai ƙare ba? Alhali jini ruwa ne da yake ɗauke da ƙwayoyi iri uku, kowanne da aikinsa. Jajayen ƙwayoyi su ke kai iskar da muke shaƙa ko'ina a jiki, kuma su kaɗai PCV yake aunawa. Fararen ƙwayoyi su ke yaƙi da cuta. Na ukun su ne filatilet, masu tsayar da jini idan ya sami hanyar fita. Ɗaya zai iya faɗuwa warwas sauran biyun suna nan lafiya lau. Mai lafiya ana samun filatilet tsakanin 150 da 450 a takardar gwaji, wato 150,000 zuwa 450,000 a cikin ɗan mitsitsin jinin da bai kai ɗigo ba. Na yaronku 16,000. Ki ga kenan da ƙyar ya haura kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin abin da ya kamata. Likita bai yi kuskure ba da ya ce jininsa bai ƙare ba, sai dai rabin maganarsa aka ɗauka aka bar rabi.

A cikin ɓargo ake yin su, wannan ɓargon dai da kika sani a tsakiyar ƙashi. Akwai wasu manyan ƙwayoyi a ciki da likitoci ke kira megakariyosait, sun fi duk maƙwabtansu girma nesa ba kusa ba. Kowacce takan zauna a jikin wata siririyar jijiyar jini da ta ratsa ɓargon, ta riƙa tura jikinta ta bangon jijiyar zare-zare, kamar yadda injin taliya ke fitar da kwaɓi, gudun jini kuma yana tsinka zaren gutsi-gutsi yana tafiya da shi. Waɗannan gutsattsarin su ne filatilet. Saboda haka ba cikakkun ƙwayoyi ba ne, ba sa haihuwa, ba sa sabunta kansu. Babbar ƙwaya guda takan ba da fiye da dubu kafin ta ƙare. Wani likita Ba'amurke, James Homer Wright, shi ya gano wannan a 1906, a lokacin da masana suke ta gardama a kan ko ɓarɓashin jajayen ƙwayoyi ne.

Ransu gajere ne, kwana 7 zuwa 10, daga nan saifa da hanta su kwashe tsofaffin. Don haka ɓargo ba ya hutawa: jikin babban mutum yana yin wajen biliyan 100 a kowace rana. Hanta ce take fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙara ƙoƙari idan sun yi ƙaranci. Saifa kuma, ban da share tsofaffi, tana ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku a wurinta. Ki riƙe wannan magana ta gajeren rai, don ita ce ta sa adadin yake iya zubewa cikin 'yan kwanaki, ita ce kuma ta sa yake iya farfaɗowa da sauri da zarar abin da ke cinye su ya lafa.

Aikinsu shi ne zai bayyana miki abin da kika gani a jikin yaron. Ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin fata da cikin hanci da dasashi kullum cikin ɗan fashewa suke. Yaro ya yi tsalle, ya bugi ƙafar gado, ya sosa hanci, ya tauna rake, duk sai wata 'yar jijiya ta tsage. Ba ma gani saboda cikin daƙiƙoƙi ake toshe wurin. Cikin jijiya mai lafiya santsi ne da shi, filatilet sai dai su wuce. Da zarar ta tsage naman da ke ƙarƙashi ya bayyana, sai su manne masa, su sauya siffa daga faifai su fitar da ƙafafu, su saki sinadaran da ke kiran 'yan'uwansu, su taru su cunkushe ɓarakar. Bayan nan ne ruwan jinin yake saƙa wani zare mai suna fibirin a kansu ya ɗaure, abin da muke gani mu ce jini ya daskare. Wani likitan Italiya, Giulio Bizzozero, ya kalli wannan da idonsa a 1882 ta madubin ƙara girma, a jijiyar dabba mai rai da ya tsokana da allura, ya ga yadda suke rige-rigen taruwa a wurin.

Yaron da yake da 16 ba shi da isassun masu wannan aiki. Ɓarakar da a da za a toshe nan take, yanzu sai jini ya tsiyaya ƙarƙashin fata ya kwanta. Bugun da ba zai bar komai a jikin wani yaro ba, shi sai ya bar masa tabo kamar tafin hannu, wani lokaci ma ba tare da ya bugi komai ba. Ɗigo-ɗigon ja na ƙwauri kuwa sun fi komai ba da shaida. Sun fi fitowa a ƙafa saboda nauyin jini ya fi taruwa can idan mutum yana tsaye, kuma bulala ba ta zana irinsu a warwatse haka. Idan kika danna su da gindin kofin gilashi za ki ga ba sa ɓacewa, domin jini ne da ya riga ya fita daga jijiya. Babu kuma dukan da yake sauko da filatilet ɗin yaro mai yawo da ƙafarsa zuwa 16.

Me ya cinye su? Yadda kika ba da labarin, yaro ɗan shekara shida, mura da zazzaɓi, sati biyu tsakani, tabo da haɓo, sauran jini lafiya, ya fi kama da abin da likitoci ke kira ITP, kuma ina kyautata zaton shi likitanku yake tunani. Garkuwar jiki ce take yin kuskure. Bayan ta gama yaƙi da ƙwayar cutar mura ko ƙarambau ko makamancinsu, sai ta ƙera makamin da yake manne wa filatilet na jikin mai ita, saifa kuma duk wanda ta gani da wannan alama sai ta hallaka shi, sabo ne ko tsoho. Ɓargo yana ta yi, ana ta kwashewa. An tabbatar da haka ne ta wata hanya mai ban tsoro: a 1950 wani matashin likita a Amurka, William Harrington, ya sa aka ɗura masa jinin wata mai wannan ciwo, cikin sa'o'i nasa filatilet ɗin ya zube har ya kwanta rashin lafiya, bayan kwanaki ya dawo daidai. Wannan ta hanyar ƙarin jini ne kai tsaye. A zaman gida ba a ɗaukarsa, ko ta kwano ko ta shimfiɗa. Ba rashin abinci ke kawo shi ba, ba sakacin mai riƙo ba ne, ba kuma hannun wani. Labari mai daɗi shi ne, a yara yakan tafi da kansa. Wajen uku cikin huɗu suna warkewa cikin wata shida zuwa shekara, da yawa ma cikin makonni, kuma zubar jini a ƙwaƙwalwa, wanda shi ne abin tsoron, ba ya kai yaro ɗaya cikin ɗari.

Sai dai ba a yanke cewa ITP ne sai an kore sauran. A ƙasarmu maleriya ce kan gaba wajen sauko da filatilet, an kuma duba ba ita ba ce. Akwai cutar HIV, akwai ciwon hanta, akwai kumburin saifa, akwai wasu magunguna irin su kwinin. Akwai kuma sankarar jini, wadda ba na son in ambata miki amma ɓoye ta ba gata ba ne. PCV 35 abin kwantar da hankali ne ta wannan fuska, domin sankara takan taɓa jajaye da farare ma. Idan kun koma, ki sa maigidan ya yi tambaya biyu: yaya adadin fararen ƙwayoyin yake, kuma an shafa jinin a gilashi wani masani ya duba shi da ido, ko na'ura ce kawai ta ƙirga? Wannan dubawar ba ta da tsada, kuma ya kamata a yi ta kafin a fara ba shi maganin da ake kira firedinisolon, saboda maganin yana iya lulluɓe sankara na ɗan lokaci a makara ganinta. Ku faɗa wa likita idan yaron yana kukan ciwon ƙashi ko ƙafa da dare, ko zazzaɓi yana dawowa, ko ya ɗashe, ko yana ramewa, ko kin ji ƙulli a wuyansa ko hammatarsa. A ganina, da adadi irin wannan da haɓo har sau biyu, ya dace likitan yara ko likitan jini ya gan shi. Ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ba shi da nisa da ku.

Kada ku yi mamaki idan bayan duk wannan aka ce ku koma gida ba magani. Mutanenmu ba sa son jin haka, sai su ga kamar likita bai san aikinsa ba, su bi ta kemis. Amma yaron da abin ya tsaya masa a fata, sa ido da maimaita gwaji shi ne abin da aka fi yi ko'ina a duniya. Idan jini yana fita ta hanci ko baki yana ƙin tsayawa, sannan ake ba da firedinisolon na 'yan kwanaki, ko wani ruwan garkuwa da ake ɗurawa ta jijiya, mai tsada sosai. Za ki ji masu cewa a yi masa ƙarin jini a huta. Ledar jinin da ta kwana a firij ba ta da filatilet mai amfani. Su daban ake ware su, a ajiye su a ɗumin ɗaki ana girgiza su, kuma kwana biyar kawai suke yi. Ko an samu an ɗura masa, makamin nan zai cinye su cikin sa'o'i, shi ya sa ba a yi sai rai yana cikin haɗari. Maganin ƙarin jini na kwalba, da zoɓo, da maltina da madara da za a yi ta kawo muku, ko sun yi wani amfani ga jajayen ƙwayoyi za su yi, nasa kuwa ƙalau suke. Ki ba shi abincinsa na kullum.

Abin da ke hannunki a gida shi ne kare shi. Idan ya yi zazzaɓi ko ciwon kai, farasitamol kaɗai. Ban da asfirin, ban da ibufurofen, ban da dikulofenak, ban da garin Alabukun, shi ma asfirin ne a cikinsa. Asfirin yana kashe ƙarfin mannewar filatilet har ƙarshen ran filatilet ɗin, to ki duba ɗan kaɗan ɗin da ya rage masa a ce shi ma an kashe. Kada mai kemis ya yi masa allura a ɗuwawu, jini zai iya taruwa a cikin naman. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a bar su. A goge masa baki da buroshi mai laushi a maimakon asuwaki mai tauri. Hawan bishiya da katanga da keke da kokawa da ƙwallo su dakata, amma kada ki kulle shi a ɗaki, ya yi wasansa na zaune, ya je makaranta idan likita ya yarda. Maigidan ya taka da kansa ya gaya wa malamin allo da na boko cewa ba a taɓa yaron nan da bulala ko ranƙwashi. Ke ma ko ɗan make shi da kike yi idan ya yi ƙiriniya, ki bari gaba ɗaya.

Idan haɓo ya zo, ki zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba, ki matse tattausan wurin hancin da yatsu biyu minti 10 cur ba tare da kina saki kina leƙawa ba. Kada a ɗaga kansa sama yadda aka saba, jinin zai bi ta maƙogwaro ya sa shi amai. Ba a jiran ranar komawa asibiti idan haɓon ya wuce minti 15 zuwa 20 ana matsewa bai tsaya ba, ko jini ya fito a fitsari, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko ƙuraje masu jini sun fito a cikin bakinsa. Wanda ya fi duka: in ya bugu a kai, ko ya kama ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko barcin da ba a saba ba, ko jijjiga, ko dare ne a tafi.

Yanzu zargin. Ina jin zafinsa tare da ke, domin matar uba ko ta yi daidai da wuya a ba ta shaida, balle an ga tabo. Amma ina roƙonki kada ki riƙe mahaifiyarsa a zuciya. Uwa ta tuɓe wa ɗanta riga ta ga bayansa haka, in ba ta yi kuka ba me za ta yi? Akwai yaran da ake azabtarwa da gaske a hannun riƙo, kuma gara a tambaya da a yi shiru. Su kansu likitoci idan aka kawo musu yaro da irin wannan tabo sukan yi tunanin duka, shi ya sa suke fara auna filatilet kafin su ɗora wa kowa laifi. An auna, amsa ta fito, kuma tana gefenki.

Kada ki tsaya rantse-rantse, kada kuma ki ɗauki wannan bayani nawa ki je kina karanta wa Hajiya, za ta ji kamar kina koya mata ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ki samu maigidan a keɓe ki ce masa kina neman alfarma ɗaya: ranar komawa asibiti a tafi da Hajiya, a kuma gayyaci mahaifiyar yaron ko wani babba daga gidansu, likita ya yi musu bayani da Hausa su yi tambayoyinsu. Shi maigidan ya tambaya a gabansu, wannan tabo ciwon ne ya kawo shi? Za a iya yi masa kaciya yanzu? Shirun da yake yi, ina zaton tsoro ne da rashin sanin bakin zaren, ga uwa ga mata ga ɗa. Amma shi ya karɓi takardar gwajin, shi ya ji likita, nauyin faɗa wa Hajiya yana wuyansa, kuma kina da haƙƙin ki gaya masa haka cikin ladabi.

A daina kuma tsare yaron ana tambayarsa wa ya doke shi. Ɗan shekara shida idan aka matsa masa zai faɗi abin da ya ga ana son ji, daga baya ya riƙa jin shi ya haddasa faɗan. A ce masa jininsa ne yake ɗan hutawa, zai warke, ba laifinsa ba ne. Idan mahaifiyarsa ta nemi ya zauna wurinta kwana biyu hankalinta ya kwanta, kada ki ɗauke shi cin fuska. Ki rubuta magungunan da aka hana da alamomin da ake gudu asibiti dominsu a takarda biyu, ɗaya a gidanku ɗaya ta bi shi duk inda zai kwana. Ku kuma sami jaka guda ku riƙa adana duk takardun gwaji da kwanan watansu, domin likita zai fi duba yadda adadin yake hawa daga mako zuwa mako a kan lambar rana ɗaya, kuma da su ne zai ce muku lokacin kaciya ya yi.